Haɗa Ƙaramin Jirgin Yaƙi na Roba da Yi Masa Fenti: Tambayoyi da Amsoshi

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga bakin samari da malaman makaranta na ƙauyukan Ringim, Taura da Gabasawa, waɗanda kwalin jirgin roba ya faɗo hannunsu, ko suke shirin sayen na farko. Takardar bayanin da ke cikin kwali an rubuta ta ne don mutanen ƙasashen sanyi. Ba ta san hunturu ba, ba ta san ɗakin kwano a watan Afrilu ba. Shi ya sa amsoshin suka fi karkata ga ƙura da zafi, don su ne suka fi ɓata aiki a wajenmu, ba rashin kayan aiki ba.

Wai jirgin nan yana tashi ne?

Ba ya tashi. Ba shi da inji, ba shi da batir, na ajiyewa ne a kalla. In ka buɗe kwalin ma ba jirgi za ka tarar ba, firam-firam ne na roba, kowanne da ƙananan sassa maƙale a jikinsa, kowane sashi da lambarsa. Firam guda na roba ne garai-garai, shi ke ɗauke da murfin mazaunin matuƙi. Sai takardar tambura da takardar bayani mai zane-zane. Gam da fenti galibi ba sa ciki, sai a kwalin da aka shirya musamman don 'yan koyo.

Wanda ya ƙera motar kara ko ta gwangwani yana yaro ya riga ya san rabin aikin, wato aune, yanka, da gwadawa kafin a haɗa. Sana'ar kuma ba sabuwa ba ce. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da jirginsa na farko, Spitfire, tun shekarun 1950.

Mene ne 1:72 da 1:48 da ake rubutawa a jikin kwali?

Ma'aunin ƙanƙantar da jirgin ne. In an rubuta 1:72, kowace santimita guda a jikin naka tana matsayin santimita 72 a jirgin gaske. Ɗauki F-16 na Amurka, mai tsawon kusan mita 15. A 1:72 zai fito wajen santimita 21, a 1:48 wajen 31, a 1:32 ya kusa 47, a 1:144 kuwa bai wuce 10 da 'yan kai ba.

Ɗan koyo ya tsaya a 1:72. Ya fi araha, bai cin fenti da yawa, kuma buroshi yana iya rufe shi ba tare da sawu ya fito fili ba. Na 1:144 ƙanƙantarsa yaudara ce, sassansa sai da matsefata, in guda ya faɗi a ƙasan ɗaki shi ke nan.

Wane jirgi ya kamata in fara da shi?

Mai inji ɗaya, mai launi ɗaya ko biyu, wanda ba a cika masa bama-bamai a ƙarƙashin fiffike ba. Samari da yawa F-14 suke nema saboda fukafukansa masu motsi, amma tsawonsa ya haura mita 19, gangar jikinsa kuma gutsi-gutsi take zuwa, ko'ina mahaɗa ce da sai an gyara. A bar shi zuwa na huɗu ko na biyar.

Ni dai shawarata a fara da jiragen da suka yi aiki a ƙasar nan. Rundunar Sojan Sama ta Najeriya, wadda aka kafa a 1964, ta samu MiG-17 a 1967 lokacin yaƙin basasa, sai MiG-21 a tsakiyar shekarun 1970, Alpha Jet na haɗin gwiwar Faransa da Jamus a farkon shekarun 1980, Jaguar a 1984, sannan JF-17 guda uku daga Pakistan a 2021. Akwai kuma L-39, ƙirar Cekoslobakiya, wanda ake koyon tuƙi da shi a Kano, mutanen ƙauyukan kewaye sun san ƙararsa. Tsawonsa mita 12 ne da ɗoriya, a 1:72 wajen santimita 17, kuma kamfanin Eduard yana yin sa, haka ma MiG-21. Trumpeter na ƙasar Sin yana yin JF-17. A cikinsu duka L-39 da Alpha Jet sun fi sauƙin hali. Batun tambarin Najeriya da za a manna musu yana da tasa amsar a ƙasa.

A ina ake samunsa?

Ba hajar kasuwar Gujungu ko Wudil ba ce. Yawanci ta intanet ake oda, ko a ba ɗan'uwa mai tafiya waje sautu. Sunayen da za ka nema su ne Airfix, Revell, Italeri, Academy, Hasegawa, Tamiya da Trumpeter. Farashi yana bin dala, don haka ka duba na ranar. Sa adireshin wani naka a Kano ko Dutse, daga can a ba direban garinku a tasha, amma a roƙe shi kada kwalin ya kwana a kan dashbod ko ƙarƙashin buhu. Fentin gwangwani na fesawa da gam mai kama wuta sau da yawa ba a yarda a ɗora su a jirgi, saboda haka ka tabbatar mai sayarwa zai iya aikowa kafin ka biya.

Ba ni da kayan aikin da nake gani a bidiyo. Me zan yi?

Mafi yawansu suna gidanku ko a shagon kan kwana. Abin yankan farce yana cire sashi daga firam, amma ka yanka nesa kaɗan da jikin sashin, sannan ka share ragowar da sabuwar reza. Kada ka murɗe sashi da hannu, yana tafiya da tsokar robar ya bar rami. Samfefa mai laushi, lamba 400, 600 da 1000, tana wajen masu fentin mota, a Kano kuwa Ƙofar Ruwa ba a rasa ta, tare da tef ɗinsu na takarda. Matsefata mai tsinin baki masu gyaran waya ke amfani da ita, Farm Centre cike take da su. Sai tsinken sakace don ɗiga gam, robar ɗaure kuɗi da maƙalen shanya don matse sassa, tsohon buroshin haƙori, da faranti mai baki wanda za ka riƙa aiki a cikinsa saboda ƙananan sassa.

Abin da ba a yi wa ƙwauron kuɗi shi ne buroshin fenti. Biyu sun isa, mai faɗin baki mai laushi da siriri mai tsini.

Sufa gulu zai yi, ko sai gam na musamman?

Gam ɗin wannan sana'a ba liƙewa yake yi ba, narkar da fuskar robar yake kaɗan, ɓangarorin biyu su zama abu guda. Irin su Tamiya Extra Thin ruwa ne tsararo. Haɗa sassan za ka yi tukuna, ka taɓa bakin mahaɗar da ɗan buroshinsa, gam ɗin ya bi tsagar da kansa. Ka kula da inda yatsanka yake, in ruwan ya bi ta ƙarƙashinsa zanen yatsan zai zauna daram a fiffike.

In babu shi, sufa gulu yana riƙewa, sai dai ba ya ba ka damar gyara zama, kuma ƙafar jirgi da aka liƙa da shi takan ɓalle da ɗan bugu. Zuba ɗigo a kan murfin kwalba, ka riƙa ɗiba da tsinke. Kada ko kusa ya je wajen murfin matuƙi, tururinsa yana mai da roba mai haske fari fat, kuma ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Murfin sai farin gam na kafintoci, wanda in ya bushe ba a ganinsa. Gam ɗin masu haɗa bututun ruwa kuwa ya yi ƙarfi, cinye siraran sassa yake.

Daga ina ake fara haɗawa?

Wanke firam ɗin da ruwa da ɗan sabulu don cire maiƙon masana'anta, ka bar su su bushe a inuwa. Mazaunin matuƙi ake fara yi, a fente shi tun yana waje, don in gangar jiki ta rufe buroshi ba ya shiga. Kowane sashi ka gwada zamansa ba gam kafin ka sa gam. Fenti da gam ba sa shiri, saboda haka kankare fenti daga inda za a liƙa.

Kafin ka rufe gangar jiki, tuna da nauyin hanci. Jirgin gaske yana tsayuwa a kan taya uku, na roba kuwa bayansa ya fi nauyi, sai ka gama wahala ya zauna a kan wutsiya, hanci sama. Ƙwallayen boris na keke ko ƙaramin noti sun isa, a liƙa su a cikin hanci ko bayan kujera. Gwajinsa shi ne ka ɗaure jirgin da tef, ka ɗora shi a kan fensir daidai inda tayoyin baya za su zauna. In ya rinjaya gaba, nauyin ya yi. Ƙafafu, makamai da siraran eriya a bar su sai ƙarshe, bayan fenti da tambura.

Na haɗa, amma layin mahaɗa yana nan, wani wurin ma da tsaga.

Bar shi ya kwana tukuna, robar da gam ya narkar tana daɗewa da taushi. Washegari ka kankare layin da bayan reza, ka bi da samfefa 400, 600, sannan 1000, kana jiƙa ta da ruwa. Tsaga kuwa, kwaɓa sufa gulu da hodar shafawa a cika ta da tsinke, a goge cikin awa guda, don in ya kwana ya fi robar tauri. Yashin da masu gyaran babur ke haɗawa da sufa gulu ba na nan ba ne. Manna tef a gefe da gefen mahaɗar kafin guga, don kada samfefa ta cinye siraran layukan jikin jirgin.

Wane fenti ake amfani da shi? Na gida ko na mota zai yi?

Iri biyu ne suka dace da mai buroshi. Akwai akirilik, kamar na Vallejo da Revell Aqua, wanda ake sirkawa da ruwa, ba shi da wari sosai, yana bushewa da wuri. Akwai na mai, kamar 'yan gwangwanayen Humbrol, wanda ke kwanciya sumul amma yana son aƙalla awa 6 tsakanin shafa da shafa, kwana guda ma ya fi. Akirilik na tub da ɗaliban zane ke saya yana yi a bisa larura, muddin an fara shimfiɗa fentin ƙasa, wato na share fage da ake shafa wa roba don launi ya kama, in ba haka ba farce kawai zai ɗaye shi.

Fentin bango ba ya kama roba. Na ƙofa da taga ya yi kauri, yana binne duk zanen jikin jirgi. Na mota kuwa tinarsa cin wannan robar take, fuskar ta yamutse, haka fetur da ruwan goge jan farce. Duk abin da kake shakka, gwada shi a guntun firam, ka jira kwana guda. Fentin mai da gam a yi su inda iska ke shiga, nesa da fitilar kananzir da murhu.

Me ya sa buroshi ke bar mini sawu?

Fentinka ya yi kauri, kuma kana son gamawa a shafa guda. Sirka shi ya yi ruwa-ruwa kamar koko marar kauri. Shafa ta farko za ta fito abin kunya, roba na leƙowa ta ko'ina, kada ka koma kanta da buroshi, bar ta ta bushe. Ta biyu ka gicciya ta farko, wato in ka bi tsawon fiffike, yanzu ka bi faɗinsa. A ta uku ko ta huɗu launin zai cika, layukan jiki kuma suna nan ba su toshe ba. Fara da launi mai haske, mai duhu ya biyo baya. Soka tsinke ko sanda ta bututun hayaƙin jirgin ka riƙe, kada yatsa ya taɓa jiki. In ka bi duk wannan sawu bai daina ba, yanayi ne, duba amsar da ke biye.

Ƙura ta manne a fentina. Wane lokaci ya fi dacewa da fenti?

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne mafi wuya, ta fuska uku. Ƙurar tana cikin iska ko da ka rufe ƙofa da taga. Bushewar iska tana sa akirilik ya daskare a bakin buroshi kafin ya kwanta, shi ne sawun da wasu ke ɗora wa buroshi laifinsa. Sannan roba in an goge ta da busasshen tsumma a wannan lokaci janyo ƙura take, saboda irin wutar nan da ke tartsatsi idan mutum ya cire rigar sanyi. Da ɗanyen tsumma ake goge jirgi. Kaka ma ba ta da dama in ana sussuka da shiƙa kusa da gida, ƙaiƙayin gero guda in ya sauka a jiƙaƙƙen fenti sai samfefa.

Abin da ke aiki shi ne a yi fenti bayan sallar asuba, kafin a fara shara, kafin a kora dabbobi kiwo. Yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, kashe fanka, kada ka kakkaɓe tabarma. Ajiye bokitin roba mai murfi wanda ka goge cikinsa da ruwa, da ka gama shafa jirgi ya shiga ciki, ka ɗan ɗaga murfin da tsinke don iska. Fentin da kake ɗiba kuma ka zuba shi a kan takarda mai santsi da aka shimfiɗa bisa jiƙaƙƙen soso a murfin roba, zai daɗe bai bushe ba. In duk da haka ƙura ta hau, kada ka sa hannu. Bari ya bushe sarai, ka shafa samfefa 1000 da ruwa a hankali, ka ƙara shafa guda.

Damina ta fi kowane lokaci daɗin buroshi, ƙura ta kwanta, fenti yana samun sararin bajewa. Illarta biyu ce: banish na fesawa, wato rufi marar launi da ake yi a kan fenti, yakan yi hazo fari ranar da iska ta cika danshi, da dare kuma ƙwari suna bin fitila su faɗa aiki. Bazara, da zafi ke haura digiri 40, fenti ba ya yiwuwa in rana ta ɗaga, kwalaben ma bushewa suke a ɗaki. Rufe su da kyau ka ajiye a gindin randa. Mai dabara yakan yi yanka, haɗi da guga a hunturu da bazara, ya tara fenti zuwa saukar ruwa.

Dole ne sai da 'yar bindigar feshi?

A'a. Tana fitar da aiki sumul, amma tana son kwamfuresa da wuta tsayayya, wankinta kuma ya fi feshin cin lokaci, ga iskarta na tayar da ƙurar da kake gudu. Gama jirgi uku da buroshi tukuna.

Yaya ake dabbare-dabbaren soja, da firam ɗin murfin matuƙi?

Shafe jirgin duka da launi mafi haske, ya kwana. Zana iyakokin sauran launuka da fensir a hankali kana kallon hoton jirgin gaske, ka bi bakin layin da siririn buroshi, sannan ka cike tsakiya. Inda ake son miƙaƙƙen layi, kamar tsakanin ciki da baya, sa tef ɗin masu fentin mota, amma ka fara manna shi a bayan hannunka sau biyu don ƙarfinsa ya ragu. Salatif ɗaye fenti yake, ya bar danƙo.

Murfin matuƙi yana da firam nasa, wato siraran sandunan da ke tsakanin gilasansa, su ake fentewa, kuma ɗan koyo ba ya rufe shi da tef gaba ɗaya. Manna tef biyu a gefe da gefen sanda guda ta firam ɗin, ka fente ta, ta bushe, ka cire, ka koma ta gaba. In akirilik ya zarce kan gilashin, tsinken sakace yana kankare shi ba tare da ƙarzane ba.

Tamburan sun yi fari-fari a gefe, wasu sun yage.

Farin nan iska ce da ta maƙale tsakanin tambari da fenti mai kaushi. Maganinsa a shafa banish mai sheƙi kafin tambura, bayan sun bushe a bi da marar sheƙi. Yanke tambari ɗaya-ɗaya, tsoma shi a ruwa mai ɗumi na daƙiƙa 10 zuwa 20, ka fitar ka ajiye har ya fara zamewa da kansa. Kai takardar bakin wurin, ka tura shi da jiƙaƙƙen buroshi, ka danne da auduga daga tsakiya zuwa gefe. Ruwan rijiya mai kanwa yana barin tabo, yi amfani da fiya wata. Wanda ya farfashe a ruwa zafi ko tsufa ne ya ci shi, don haka da kwali ya iso ka cire takardar tambura, ka sa ta a leda cikin littafi.

Kwalina ba shi da tambarin Najeriya. Yaya zan yi?

Mafi yawa ba su da shi, amma namu mai sauƙi ne: zobe kore, zobe fari, ɗigo kore a tsakiya. Fente da'irar fara, ta bushe, sannan ka yi koren ta amfani da tef da ka huda da abin huda takarda ko bakin bututun biro da aka wasa. Haruffan NAF, gajeren sunan rundunar a Turance, da lamba ana iya harhaɗa su daga ragowar tamburan wani kwali. Launin jiki ya bambanta daga jirgi zuwa jirgi da zamani zuwa zamani, wasu dabbare-dabbare, wasu ruwan toka, don haka zaɓi hoton jirgi guda a intanet ka bi shi. Kada son aiki ya kai ka ɗaukar hoto a bakin sansanin soja.

Yaya ake sa shi ya yi kama da wanda ya sha aiki?

Fensir ya isa. Fere shi da tsini ka bi layukan jiki a hankali, garinsa kuma, wanda ka goga a samfefa, ka murza shi da auduga a bakin bututun hayaƙi, zai ba da duhu da ƙyallin ƙarfe. A yi wannan a kan banish marar sheƙi, kuma kaɗan. Jirgin yaƙi ana wanke shi, ana duba shi kullum, ba motar itace ba ce.

Baba ya ce ba ya son mutum-mutumi a gida. Ina mafita?

Jirgin kansa ba mai rai ba ne, maganar galibi a kan ɗan matuƙin roba take, wanda wasu kwalaye ke zuwa da shi. Ba dole ba ne a sa shi, kwalaye da yawa ma ba su da shi. Bar kujerar haka, ka yanka siraran tef biyu ka fente su a matsayin bel, jirgi ya zama wanda ke ajiye a filinsa. Ka nuna wa Baba kafin ka rufe murfin. In akwai sauran shakka, a tambayi malamin unguwa.

A ina zan ajiye shi bayan na gama?

Ba a taga ba, ba kuma kusa da kwanon rufi ba. Rana tana kashe launi, ta mai da tambura rawaya, zafi kuma yana lanƙwasa ƙafafu a hankali har jirgi ya durƙusa. Kabad mai gilashi ya fi, in babu, robar ajiye abinci mai haske a kife a kan katako, a toshe gefen da tef saboda ƙura da kyankyasai. A sa shi inda hannun ƙanne ba ya kaiwa, don ƙananan sassa da ƙwallayen hanci abin haɗiyewa ne ga yaro. Kakkaɓarsa da busasshen buroshi mai laushi ake yi, ba da tsumma ba.

In za a kai shi makaranta ko wani gari a babur, yanka soson katifa gida biyu, ka fafe gurbin gangar jiki, ka kwantar da jirgin a rigingine yadda nauyinsa zai hau fukafukai, tayoyi na sama ba sa taɓa komai. Kwalin a riƙe shi a cinya, kada a ɗaure shi a kariya, kuma ka tafi da farin gam da tsinke a aljihu saboda eriya.